Ƙari da ciwon daji ba abu ɗaya ba ne

Da an nuno yaro mai kumburin muƙamuƙi a shirin neman taimako, a rediyo ko a Facebook, sai ka ji an ce yana fama da ciwon daji tun ba a yi gwajin komai ba. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙari, kamar yadda sunan ya nuna, tsiro ne da ya ƙaru a jiki. Wani yana zaune inda ya fito, wani yana cin abin da ke gefensa ya bazu. Na biyun ne kaɗai daji.

Ɗauki ciwon jijiya na gado da likitoci ke kira NF1, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 3,000. Rabin masu shi sun gada daga uwa ko uba, rabi a kansu ya fara, kuma kowane ɗan mai shi yana da rabin yiwuwar gado. Alamarsa a fata take: tabo kalar shayi da madara guda 6 ko fiye, kowanne ya wuce milimita 5 a jikin yaro, da ɗige-ɗige a hammata. Irin wannan yaro ƙari na iya fito masa a jijiyar da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa, hoton ƙashi ya nuna hanyarta ta buɗe, ko ya fito a cikin ƙashin ya ture haƙora. Galibi ba daji ba ne. Na cikin ƙashi kankare shi ake yi, bayan an yanki kaɗan an duba, an kuma auna sinadarin kalsiyam a jini, domin ciwon wata 'yar gaɓa a wuya mai daidaita kalsiyam yana kawo tsiro mai kama da shi sak. Na jijiya sa masa ido ake yi: in ya taurare, ya yi saurin girma, ko zafinsa ya hana barci, a koma asibiti nan take, don yana iya rikiɗewa ya zama daji.

Illar kuskuren suna ita ce camfin nan cewa daji ba ya son ƙarfe, sai iyaye su ƙi gwajin. Alhali akwai dajin gaske mai kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai alaƙa da zazzaɓin cizon sauro, ba gado ba. Yana ninkuwa cikin kwana 1 zuwa 2, haƙora su yi ta girgiɗa, a je a cire su a ɓata makonni, shi kuwa yana jin magani sosai in an fara da wuri.