Baƙo da babur a sabon gari: tambayoyi da amsoshi kan neman abokan hawa da tafiyar ayari

Mai babur da ya tare a sabon gari yakan rasa abu biyu a lokaci guda: hanyoyin da ya haddace, da mutanen da ya saba fita da su. Hanya kam taswirar waya za ta nuna masa. Mutane kuwa sai ya nema, kuma garin neman karɓuwa a wurinsu ne mahayi mai hankali ke aikata gangancin da ba zai taɓa yi ba in shi kaɗai ne a kan titi. Ga tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi.

Tambaya: Ban san kowa ba a garin nan. Ta ina zan fara?

Amsa: Fara daga wurin bakanike. Duk mai babur sai ya bi ta can, shi ya sa bakanike da mai sayar da kayan gyara suka san waɗanda ke fita ƙarshen mako, suka san kuma waɗanda kullum ake kawo musu babur a lanƙwashe. Kai naka a sauya masa baƙin mai, ka zauna, ka yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Bayan nan sai makarantun koyar da tuƙin babur, musamman masu darasin ƙarin ƙwarewa, domin wanda ya biya kuɗi don ya gyara tuƙinsa yawanci irin abokin da kake nema ne. Zaurukan Facebook da WhatsApp na masu babur ma suna da amfani, sai dai ka ɗauki kwanaki kana karatu kafin ka ce uffan. Bidiyon da suke sakawa zai gaya maka halinsu.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ke da rassa a ƙasashe da yawa. Masu babur ƙirar Harley-Davidson suna da tasu tun 1983. Mata mahaya suna da ƙungiyarsu ta duniya mai suna WIMA, wadda aka kafa a Amurka a 1950, don haka 'yar'uwa da ta fi son fara fita da mata tana iya bincika ko suna da reshe a ƙasar da take. Akwai hawan sadaka na shekara-shekara mai suna Distinguished Gentleman's Ride, wanda ya samo asali a birnin Sidni na Ostareliya a 2012, yanzu kuma ana yin sa a ɗaruruwan birane don tara kuɗin kula da lafiyar maza. A irin wannan taro a hankali ake tafiya, ga jama'a, ga damar gaisawa.

Haɗuwar farko ta kasance da rana, a wurin da mutane ke kai-komo. Kada ka saka hoton inda babur ɗinka yake kwana, kada ka ba wanda ka sani jiya a intanet adireshin gidanka. Ɓarayin babur ma suna cikin zaurukan nan.

Tambaya: Na samu gayyata daga rukuni biyu ko uku. Yaya zan gane na kirki?

Amsa: Ni ma'aunina ɗaya ne: dubi yadda suke yi da wanda ya fi kowa nawa a cikinsu. Idan ana jiransa a mararraba ba tare da tsaki ba, idan akwai gwani da ya yarda ya zauna a bayansa tun daga tashi har sauka, waɗannan mutanen arziki ne, ka riƙe su. Idan kuwa hirar wurin hutawa duk a kan wa ya kai gudu nawa ne, kuma ana yi wa na baya dariya, ka yi musu sallama cikin mutunci ka nemi wasu.

Tun kafin a tayar da injin za ka ga alama. Ayarin kirki yana tsayawa minti biyar ko goma a yi bayani: ga hanyar da za a bi, ga inda za a sha mai, ga madugu, ga mai rufe baya, ga lambar da za a kira in wani ya ɓace. Za su tambaye ka tsawon lokacin da ka yi kana hawa da nisan da tankinka ke kaiwa, domin babur mafi ƙaramin tanki shi ke yanke inda za a tsaya. Ka faɗa musu gaskiya. Wanda ya ƙara wa kansa shekarun gwaninta a wurin taro, kwanar hanya ta farko za ta tona shi. In ka ga ana shan barasa ko wani abin maye kafin tashi ko a tsakiyar tafiya, magana ta ƙare.

Ka kuma san cewa rukunin abokan hawa daban, kulob mai rajista da riga mai tambari daban. Wasu kulob-kulob suna da shugabanni da dokoki da lokacin gwaji kafin a karɓi mutum, kuma ba sa wasa da tambarinsu. Kada ka sa riga mai tambarin ƙungiyar da ba ka cikinta, ko da a kasuwa ka saya.

Tambaya: Akwai abin da ya kamata in daidaita kafin fita ta farko?

Amsa: Takardu da doka. Idan ƙasa ka sauya, lasisinka na gida yana da wa'adi. A Birtaniya, misali, wanda ya tare yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12, daga nan sai ya musanya ko ya yi jarrabawarsu, gwargwadon ƙasar da ya fito. Inshora ma a duba ta. Sannan hannun tuƙi: Ingila da Indiya da Japan da Kenya da Afirka ta Kudu hagu suke bi, yawancin sauran duniya dama. Wanda ya sauya hannu, a shataletale da fitowa daga gidan mai ne tsohon sabo ke dawo masa. Kurɗawa tsakanin motoci a cunkoso halas ne a wasu wurare, laifi ne a wasu, har a cikin ƙasa ɗaya: jihar Kalifoniya ta amince da shi a doka a 2016, alhali jihohin Amurka da dama sun hana.

Shawarata ita ce ka yi 'yan makonni kana zagaya garin kai kaɗai kafin ka shiga ayari. Ka koyi halin direbobin wurin, da inda kwalta ta lalace. A cikin ayari rabin hankalinka yana kan babur ɗin gabanka, bai kamata a ce a ranar kake koyon titin ba.

Tambaya: Na ga suna jeruwa ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Mene ne hikimar?

Amsa: Wannan shi ne jerin da Gidauniyar Kiyaye Haɗurran Babur ta Amurka, MSF, wadda aka kafa a 1973, take koyarwa, kuma ya bazu ko'ina. Ana raba hannun titi gida uku a zuci. Madugu yana hawa kason da ke kusa da layin tsakiyar titi, inda ya fi hango gaba. Na biyu yana ɗaya gefen, daƙiƙa ɗaya a bayansa. Na uku yana layin madugu, daƙiƙa biyu a bayansa. Haka har ƙarshe. Amfaninsa shi ne ayarin bai yi tsawo ba, amma kowa yana da filin taka birki a gabansa da filin kaucewa a gefensa. Tafiya kafaɗa da kafaɗa tana kashe wannan filin, rami ɗaya ya isa ya kayar da mutum biyu.

Daƙiƙa biyun nan kada a raina ta. A gudun kilomita 80 a awa, babur yana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, wato tazarar mita 44 ke nan. A gudun 100 ta kai mita 56. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, yatsu su matse birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta tafi. Yadda ake aunawa: ka zaɓi turken fitila ko allo, in na gabanka ya wuce shi ka fara ƙirga. Da ruwan sama ko da dare sai a ninka.

Jerin nan na miƙaƙƙiyar hanya ne mai kyau. Da an zo kwana-kwana, ko yashi da tsakuwa, ko hazo, ko shiga da fita babbar hanya, sai a koma layi ɗaya, kowa ya mallaki faɗin hannun gaba ɗaya, a ƙara tazara. MSF tana ba da shawarar kada ayari ya wuce mutum biyar zuwa bakwai. In an fi haka, a rabu gida-gida, kowane da madugunsa da mai rufe bayansa.

Tambaya: Ina jin tsoron a bar ni a baya in ji kunya. Me zan yi in sun fi ni gudu?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma na so a ce kowane baƙo ya yi ta da babbar murya.

Da farko ka san cewa na baya yana shan wahalar da na gaba bai sani ba. Idan madugu ya fito daga kwana ya murɗa totur, na biyu sai ya ɗan jinkirta kafin ya bi, na uku ya jinkirta a kan jinkirin na biyu. Kafin abin ya iso ga na bakwai, tazara ta buɗe, sai ya yi gudun da ya fi na madugu nesa ba kusa ba kafin ya kamo su, ya kuma iso kwana ta gaba da wannan gudun. Saboda haka ne ake ajiye sabon shiga a bayan madugu kai tsaye, inda madugu ke ganinsa a madubi yana daidaita tafiya da shi. Mutane da yawa suna zaton ladabi ne baƙo ya koma can ƙarshe. In ba mai rufe baya gwani a bayanka, nan ne wuri mafi haɗari.

Na biyu, ba wanda ya san iyakarka sai kai. Na gabanka wataƙila ya shekara goma yana bin wannan kwanar, ya san inda take matsewa, tayoyinsa da birkinsa ba irin naka ba ne. Binciken da Farfesa Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗurran babur 900, ya nuna cewa a haɗurran da babur ya faɗi shi kaɗai, kusan kashi biyu cikin uku kuskuren mahayi ne, kuma mafi yawa ko dai matse birki fiye da kima ko buɗewa a kwana saboda gudu. Ga kuma wata matsala ta ayari: babur yana bin inda ido ya kafe. Wanda ya zuba wa fitilar bayan abokinsa ido, in abokin ya sauka daga titi, shi ma binsa zai yi. Ka riƙa duban bayan kwanar, inda kake son zuwa, na gabanka ya zama a gefen ido.

To in tazara ta buɗe, bar ta ta buɗe. Sannu ba ta hana zuwa. Ayarin da ya san abin da yake yi yana da tsarin da ke hana kowa ɓata. Wasu ƙa'idarsu ita ce kowa ke da alhakin na bayansa: in ka daina ganinsa a madubi, ka rage gudu, ka jira a mararraba ta gaba. Wasu kuma, musamman a Birtaniya, duk inda za a juya madugu yakan nuna wa na biyu ya tsaya a wuri mai aminci yana nuna hanya har mai rufe baya ya iso, sannan ya shiga gabansa. Da wannan tsarin ayari zai iya bazuwa kilomita da yawa ba wanda ya ɓace, ba wanda ya yi gudun da ya fi ƙarfinsa. Ka tambayi wanne suke bi tun a wurin bayani.

Tambaya: Alamun hannu fa?

Amsa: Da hannun hagu ake yi, domin na dama yana kan totur da birkin gaba. Yatsa ɗaya sama, layi ɗaya. Yatsu biyu, a koma jerin hagu da dama. Hannu ƙasa ana kaɗa tafin hannu, a rage gudu. Nuna tanki, ina bukatar mai. Rami ko wani abu a titi ana nuna shi da hannun hagu ko da ƙafar dama, gwargwadon gefen da yake. In alama ta zo maka ka miƙa ta baya. Rukuni kan bambanta a wasu alamun, don haka a maimaita su kafin tashi. Ka tuna kuma rage gudu ta hanyar sauke giyar babur ba ya kunna fitilar birki, ka ɗan taɓa birkin don na baya ya sani.

Tambaya: Idan danja ta raba mu, ko madugu ya wuce wata mota, in bi shi?

Amsa: A idon doka kowane babur abin hawa ne mai zaman kansa. Ja ta kama ka, ka tsaya, za su jira a gaba. Tare mararraba don ayari ya wuce aikin jami'an hanya ne, sai in hukuma ta ba da izini.

Wuce mota kuwa ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma kowa da idonsa zai duba. Filin da ya ishi madugu daƙiƙa huɗu da suka wuce wataƙila yanzu tirela ta cike shi. Wanda ya wuce kada ya rage gudu da zarar ya koma hannunsa, ya ci gaba don na baya ya samu wurin shiga. In mota ta nemi ratsa tsakiyarku don ta fita, a ba ta hanya.

Tambaya: Me zan zo da shi ranar?

Amsa: Tanki cike, tayoyi da iska daidai, sarƙa da birki da fitilu an duba. Hular kwano mai rufe fuska, mai tambarin inganci irin su ECE na Turai ko DOT na Amurka, a ɗaure igiyarta. Bitar bincike ta 2008 daga Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken kiwon lafiya, ta gano hular tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai da kusan kashi 69. Sai safar hannu, jaket mai kariya, takalmi mai rufe idon sawu, ruwan sha, da takarda a aljihu mai lambar wanda za a kira. Fitar farko ba ta ɗaukar goyo ba ce.

Tambaya: Allah ya kiyaye, in wani ya faɗi?

Amsa: Amin. Kada kowa ya danne birki a tsakiyar titi. A wuce, a faka a gefe, mutum ɗaya ya koma baya yana tsayar da motoci, wani ya kira lambar agajin gaggawa ta wurin, wadda ya kamata ka adana a waya tun ranar da ka tare. A kashe injin babur ɗin da ya faɗi. Kada a cire wa wanda ya faɗi hula, kada a ɗaga shi, saboda wuya da ƙashin baya, sai in numfashinsa ya tsaya ko inda yake kwance akwai wani haɗarin. In yana zubar da jini a danne wurin da tsumma mai tsabta har masu agaji su iso.

Tambaya: Zan iya ficewa a tsakiyar tafiya in abin bai yi mini ba?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ko don gajiya, ko don tafiyar ta fi ƙarfinka. Sharaɗi ɗaya ne: ka gaya wa madugu ko mai rufe baya a wurin hutawa kafin ka juya, domin in ka sulale ba sallama za su koma suna nemanka a gefen hanya. In ka isa gida ka tura musu saƙo cewa ka sauka lafiya.