Waiwaye: yadda aka koyi noman kelf, da wahalar dawo da dajinsa

Kelf dai wata doguwar ciyawar teku ce mai launin ruwan ƙasa, ba ta da saiwa irin ta bishiya, dutse take kamawa ta miƙe sama neman rana, kuma ruwan sanyi take so. Irin na gaɓar Kalifoniya yakan ƙaru da kusan santimita 60 a rana ɗaya in ya samu yadda yake so.

Da can yanka kawai ake yi. Lokacin yaƙin duniya na farko ma Amurkawa sun yi ta yankarta don samun fotash, wato sinadarin taki, da kuma sinadarin haɗa albarushi. Noma na gaske kuwa a Sin ya kankama. Wajen 1927 irin Japan ya bayyana a Dalian, sannan a shekarun 1950 masani Tseng Cheng-kui da abokan aikinsa a Qingdao suka warware matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya, wato zafin bazara da ke kashe ƙananan tsiro. Sai suka riƙa renon irin a ɗaki cikin ruwan da aka sanyaya, in kaka ta yi a ɗaura shi jikin igiya a rataye a teku, har taki suke zubawa a tulun ƙasa yana tsatsa a hankali, kai dabarar nan tana burge ni wallahi, ba wani inji mai tsada amma ita ta mai da Sin kan gaba a duniya har yau.

Amurka ta bi wata hanya daban. Da rikicin mai na 1973 ya zo, Howard Wilcox na rundunar sojan ruwa da Wheeler North na jami'ar Caltech suka gwada gonar kelf can cikin teku don a samu gas, daga baya har da famfon jawo ruwa mai gina jiki daga can ƙasan teku. Igiyar ruwa da guguwa suka wargaza gwajin.

To yanzu magana ta koma kan dajin kelf da ke tsiro da kansa a teku, wanda ke mutuwa, kuma nan ne abin ke min ciwo. Tasmaniya, wani tsibiri na Ostireliya, ta rasa kusan kashi 95 cikin 100 na babban kelf ɗinta saboda ɗumamar ruwa. Arewacin Kalifoniya ta rasa sama da kashi 90 daga 2014, bayan cuta ta kashe taurarin teku masu cin bushiyar teku, wata ƴar halitta mai ƙayoyi da ke cin kelf, ita kuma bushiyar ta yi yawa ta cinye komai ta bar dutse fayau.

Injiniyoyi ba su zauna ba. A 2008 an jibge duwatsu a gaɓar San Clemente da ke Kalifoniya don kelf ya samu wurin kamawa, diyyar ɓarnar tashar nukiliya ta San Onofre. Koriya ta Kudu ta fara dashen dajin teku a 2009. A Norwe kuma aka fito da koriyar tsakuwa, a reni iri jikin tsakuwa a watsa daga kwale-kwale ba sai an biya masu nutso ba.

Sai dai gona kana girbe ta kafin zafi ya zo, daji kuwa dole ya kwana ya tashi a ruwan shekara da shekaru. Shi ya sa a Tasmaniya yanzu suke zaɓo irin da ya jure zafi su dasa, a Kalifoniya kuma masu nutso na bin bushiya da guduma ɗaya bayan ɗaya.