Waƙoƙin rok a fim ɗin barkwanci: ba duka don fim aka rera su ba

Daga shagunan tura finafinai na Agege har majalisun Idi-Araba a Legas, an daɗe ana cewa duk waƙar da ke cikin fim ɗin barkwanci na Amurka don fim ɗin aka rera ta. Ba mamaki, tunda haka muka saba a finafinan Hausa da na Indiya.

A can kiɗan iri biyu ne: wanda ake tsarawa musamman don ya bi labari, da waƙoƙin da suka riga suka fito, waɗanda akwai mai aikin zaɓo su. Waƙoƙin rok, wato salon kiɗan nan mai amon jita, galibi iri na biyun ne, wasu tun shekarun 1970 ko 1980. Kafin a sa ɗaya sai an biya izini biyu, na masu haƙƙin rubutun waƙar da na masu haƙƙin faifan.

Tsufan waƙar ma yana cikin abin dariyar. Mutum da silifas ya fito zubar da shara, sai a sako amon jita mai kauri irin na shigowar jarumai, yana taku ɗai-ɗai yana hura hanci. A ganina nan gwanintar mai zaɓen take. Sa waƙa a albam ɗin waƙoƙin fim kuwa izini ne dabam, shi ya sa wata za ka ji ta a fim, ka nema a albam ka rasa.

In kana son tabbatarwa, bari rubutun ƙarshen fim ya gangaro. Can ƙasa ake jera kowace waƙa da marubucinta da mawaƙinta. Nemi sunanta a intanet ka duba shekarar fitowarta. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.