Ƙidayar masu kwana a waje a Akra: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da zarar an ga wani ya ratso Nima ko Mamobi riƙe da kwamfutar hannu yana tambayar inda mutane ke kwana, sai wayata ta hau ruri. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne ke canzawa. To ga su nan a rubuce. Wanda ya sake tare ni a ƙofar masallaci da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wai an taɓa ƙidaya masu kwana a waje a ƙasar nan?

An taɓa. Daren Lahadi, 27 ga Yuni 2021, daren ƙidayar ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta fitar da ma'aikata a wannan dare takanas domin mutanen da ba za a same su a wani gida ba: masu kwana a tasha da kasuwa da barandar shago, matafiya, marasa lafiya da ke kwance a asibiti, baƙin otal. Sauran jama'a daga baya aka bi su gida-gida. Da aka tattara, mutanen ƙasa sun kai miliyan 30.8, yankin Akra kuma ya haura miliyan 5.4, har ya ɗan zarce yankin Ashanti.

Me ya sa sai da dare?

Da rana a ina za ka gane shi? Da rana ɗan dako ne, mai tura baro ne, mai tallar ruwan leda ce a bakin titi. Sai masu shaguna sun ja ƙofa sannan kwalaye ke fitowa a shimfiɗa.

Za a raba kuɗi ne, ko ɗaki?

A'a. Duk wanda ya ce ki ba shi sidi biyar ya sa sunanki a jerin masu samun gida, ɓarawo ne.

To ina ruwan asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, da wannan aiki, tunda na gwamnatin tsakiya ne?

Ruwa da tsaki. Ma'aikacin ƙididdiga ya iya cika fom, amma bai san cewa bayan wancan gidan wanka akwai wani lungu da samari ke kwana a kan benci ba. Asambuliman, wato zaɓaɓɓen wakilin unguwa a majalisar, ya sani, 'yan kwamitin unguwa sun sani, masu sharar asuba sun fi kowa sani, domin su ke tashin mutanen kafin su share. Saboda haka a 2021 aka kafa kwamitin ƙidaya a kowace gunduma, kuma wuraren da ake kwana a waje tun kafin daren ake gano su.

Sannan idan an gama ƙirga, aikin kan asambuli yake komawa. Ofishin kula da jin daɗin jama'a a ƙarƙashinta yake, haka bayan gida na haya, fitilar titi, kwashe shara, tsarin kasuwa. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ɗora mata tsara ci gaban yankinta. Kuma ku daina cewa "AMA, AMA", wato majalisar babban birnin Akra, a kan komai. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi tana Ayawaso ta Arewa. Kuna ta ɗaukar ƙorafi kuna kai wa ofishin da ba shi ke riƙe da ku ba, ku dawo kuna cewa an wulaƙanta ku.

Wannan rarrabuwar ma ita ce dalilin da ya sa ƙidayar gunduma ɗaya ita kaɗai ba ta da wani amfani sosai. Yarinyar da ta kwana a tashar Tema yau, jibi a kasuwar Malam Atta za ta kwana, in kasuwa ta juya. In ba a dare ɗaya dukan majalisun yankin suka fita ba, ko a ƙirga ta sau biyu, ko a rasa ta gaba ɗaya.

Ai mu a zango ba mu da marar gida. Baƙo ba ya kwana a waje a cikinmu.

Alhaji, da girmanka, yaushe rabonka da fita bayan sha biyun dare? Wannan maganar ta zamanin mai gida ce, lokacin da fatake ke sauka da shanu da goro a ba su zaure da tuwo. Yau ɗakin da kakanka ya ware wa baƙi an sa masa tayil, ana neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. Yaron da ya sauko daga Walewale ko Bawku da jakar leda ɗaya, ina zai samo wannan? Mu ne masu gidajen, mu ne kuma masu cewa babu marar gida. A bar wannan zancen, don Allah.

Ni ladan ne. Akwai yara da mata da ke kwana a barandar masallacinmu, wasunsu daga Nijar suke, ba su da takarda. In masu ƙidaya sun zo, in nuna su ko in yi shiru?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba zan ba ka amsa guda in tashi ba, Malam.

Tsoronka yana da tushe. Dattawanmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa, zangonni suka yi ta kwasar kaya ana hawa manyan motoci. Tun daga nan duk mai littafi da biro abin zargi ne a wurinmu. Ba kuma sai an koma can baya ba. Kwana huɗu bayan daren ƙidayar 2021, ranar 1 ga Yuli, aka rushe wurin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, aka kwashe masu albasa zuwa Adjen Kotoku, a zamanin ministan yanki Henry Quartey. An ba da wa'adin tashin tun kafin ƙidayar, abu biyu ne daban. Amma je ka faɗa wa wanda aka ƙirga shi ran Lahadi, katafila ta zo ran Alhamis. Sannan a watan Mayu 2025 jami'an shige da fice sun kwashi fiye da mutum dubu biyu daga titunan Akra, baƙi masu bara, yawancinsu mata da yara. Bara kanta laifi ce a wata doka ta 1969 da har yanzu ba a soke ba.

Ta ɗaya ɓangaren, in ƙidayar Hukumar Ƙididdiga ce ta gaske, doka tana bayan mutanenka. Dokar hukumar ta 2019 ta hana a fitar da bayanin mutum da sunansa, alƙaluma kawai ake bugawa, kuma ma'aikatan rantsuwa suke yi a kan haka. Ƙidayar ƙasa duk wanda ya kwana a Ghana a daren take ƙirgawa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ba a kuma tambayar takardar zama. Dokar ta kuma wajabta amsawa. A irin wannan, ni dai zan ce ka nuna su.

Amma fa ba duk mai kwamfutar hannu ne ma'aikacin ƙididdiga ba. Wani daga asambuli yake, wani daga ƙungiya mai zaman kanta, wani ɗalibi ne mai rubutun kammala karatu, kuma kariyar da na ambata ba ta bin kowannensu kai tsaye. A nan sai ka yi tambaya kafin ka buɗe baki. Wa ya aiko ku? Ina katin shaida? Suna za ku rubuta ko adadi kawai? Za ku ɗauki hoto? Wa zai riƙe bayanin? Ka kuma dubi waɗanda suka rako shi. In 'yan tasfos ne, wato jami'an asambuli masu korar 'yan talla, waɗanda jiya suka kife wa mata tire a bakin titi, ko an zo da motar 'yan sanda an ajiye a kan kwana, to ba ƙidaya kaɗai aka zo yi ba, ko da mai fom ɗin da zuciya ɗaya ya zo. In ko ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce da asambuliman ɗinku da wani ɗan unguwa mai jin Hausa da Zabarmanci, da sauƙi.

Ko a hakan ma, ba kai ke da ta cewa ta ƙarshe ba. Mutanen nan manya ne, sai dai talauci. Ka faɗa musu tun da magariba cewa za a zo, ga abin da za a tambaya, ga abin da kake tsoro, ga abin da kake fata. Wadda ta zaɓi ta kwana wani wuri a daren, kada ka hana ta, kada kuma ka nuna inda ta tafi. In ƙidayar da ba ta hukuma ba ce, kana iya ba da adadi ba suna: mata kaza, yara kaza, tun watan kaza. Wannan ya ishi mai son tsara taimako. Wanda ya dage sai suna da hoto da garin da aka fito, sai ya yi maka bayanin dalili.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka rantse babu kowa. Ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, gobara ko ambaliya, wanda ba a san da shi ba ba a nemansa. Mun ga daren 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah, ruwa da wuta suka ci fiye da mutum 150.

'Yan kayayo, mata masu dako a ka, da ke kwana su goma a kiyos, suna biya kullum, su ma marasa gida ne?

A takarda, a'a, in dai akwai rufi da ƙofa. A 2021 an sa wa kiyos da kwantena da ɗakin katako lamba da alli kamar kowane gini, kuma hukumar ta ce kusan kashi 20 cikin 100 na gine-ginen ƙasar irin waɗannan ne. Saboda haka duk adadin masu kwana a waje da kuka ji, ku san bai haɗa da su ba. A wurina kuwa, wadda ke kwana a gefe ɗaya don babu wurin juyawa, jaririnta a kan ƙirji, kwanon dakonta a rataye a ƙusa, kuma ranar da ba ta samu ciniki ba a baranda za ta kwana, ban ga gidan da take da shi ba.

Ƙidayar ta taɓa amfanar wani kuwa?

Ku tambayi mutanen Tsohuwar Fadama, unguwar talakawa da ke kusa da Agbogbloshie. Da ake ta barazanar tashinsu, su da kansu suka ƙirga kansu a 2009, suka samu kusan mutum dubu 80, suka ajiye wa hukuma lissafin a gabanta. Bai hana rusau na 2015 ba, amma daga nan ba wanda ya ƙara magana a kansu kamar 'yan tsiraru ne da za a share a wuni ɗaya. Ku kwantar da hankalinku: lissafi a hannunku makami ne, ba a hannun hukuma kaɗai yake aiki ba.

Asambuliman ɗinmu ya ce bai san komai a kai ba.

Ku kuka zaɓe shi a Disamba 2023. Ku je ku same shi, ku biyu ko uku, har da mace a ciki. Ya kai maganar zauren majalisa: mutum nawa ke kwana a waje a yankinmu, wa ya ƙirga, me aka ware musu a kasafi, su nawa aka yi wa katin inshorar lafiya kyauta, tunda tsarin ya yafe wa marasa galihu biya. Ya kuma nemi a rubuta cewa ranar ƙidaya ba a kame, ba a rusau. In ya ce ba aikinsa ba ne, zaɓe na zuwa.

Yaushe za a sake?

Ta ƙasa kusan duk shekara goma ce: 2000, 2010, 2021. Asambuli kuwa ba sai ta jira ba, tana da ma'aikata, tana da tocila.

In mai ƙidaya ya zo, sai na ba shi na goro?

A'a, Hajiya. Ana biyansa. Ki ba shi kujera, ki amsa abin da ya tambaya, ya wuce gaba.