Fanshon mijin marigayiya a Amurka bayan sake aure

A Amurka, idan mace ta yi aiki tana biyan harajin tsarin fansho na gwamnati mai suna Social Security, mijinta yana da haƙƙin karɓar kuɗi duk wata bayan rasuwarta. Sake aure na iya taɓa wannan haƙƙi, kuma shekarunsa ranar ɗaurin sabon auren ake dubawa.

Wanda ya sake aure kafin ya cika shekara 60 ba a biyansa muddin igiyar auren tana nan. In ya riga ya cika 60, auren bai rage masa ko sisi ba. Mai naƙasa kuwa iyakarsa shekara 50 ce. Mutum biyu da suka ɗaura aure rana ɗaya, ɗaya saura masa wata guda ya cika 60, ɗayan ya wuce da mako, na farkon ne zai tashi hannu rabbana. Sai dai ƙofar ba ta rufe har abada ba: in sabuwar matar ta rasu ko aka rabu, haƙƙin yana dawowa.

Galibi ana buƙatar auren farko ya kai wata 9, ko shekara 10 ga wanda suka rabu kafin rasuwar. Mai fara karɓa yana da shekara 60 kashi 71.5 cikin ɗari yake samu, sai ya jira shekarun cikakken ritaya ake ba shi duka. Ba a haɗa masa wannan da nasa fanshon, mafi tsoka ake biya. Uban da ake biya don yana renon ɗan marigayiyar da bai kai 16 ba, sake aure yakan yanke nasa kason, amma na yaron yana ci gaba.

Da can maza ba su da rabo sosai. Gyaran dokar 1939 mata da yara ya tanada. An saka maza a 1950, amma sai miji ya tabbatar matar ce ke ɗauke da rabin ɗawainiyarsa, abin da ba a taɓa tambayar mace ba. Stephen Wiesenfeld, wanda matarsa malamar makaranta ta rasu wajen haihuwa a 1972 ta bar masa jinjiri, ya kai ƙara don an hana shi kuɗin reno da ake biyan mata, lauya Ruth Bader Ginsburg ta tsaya masa, Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 1975. Shari'ar Goldfarb, wani mutum da shi ma matarsa ta rasu, ta 1977 ta soke sharaɗin ɗawainiyar.