Ƙananan barajoji wajen rage ambaliyar gulbi

Ƙananan madatsun ruwa, waɗanda mu nan Maradi muka fi kira baraji, dabara ce ta tare ruwan sama tun can cikin ƙoramu kafin ya taru ya afka gulbi lokaci guda. Maimakon ƙaton baraji guda, sai a jera ƙanana da yawa bisa hanyar ruwa, wani da dutse da siminti, wani da gabiyo, wato duwatsun nan da ake cusawa cikin ragar waya a ɗaure.

Abin da ya kamata a gane shi ne ambaliya ba yawan ruwa kaɗai ke kawo ta ba, har da saurin zuwansa. In an yi ruwa mai ƙarfi bisa fako, ƙasa ba ta sha, kowace ƙorama ta ɗauko nata jajawur da yashi da karare ta zuba gulbi cikin awa ɗaya ko biyu, to nan ne gulbi ke ƙetare gaɓa. Amma in kowace ƙorama na da baraji biyu uku, kowane sai ya riƙe kaɗan ya dinga saki sannu sannu, ruwan ya bazu cikin fadama ya nutse, rijiyoyi su tashi, masu lambu su samu na albasa da tumatir da zogale har rani.

Mu wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon garin Maradi da ke cikin kwari har aka maido shi bisa tudu. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya inda Najeriya ta yi babban dam wajen 1990, ya shigo ta Madarumfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Kenan aikin na buƙatar ƙasashen biyu su ji juna. A Nijar an gwada irin wannan aiki sosai a Keita cikin jihar Tawa, inda furoje da Italiya da FAO, wato hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka tallafa ya fara a 1984.

Matsalarsa babba yashi ne, wallahi shi ke kashe baraji, shekara kaɗan in ba a yashe ba sai ya cike, ruwa ya kewaye ta gefe ya ci gonar mutum, kuma in na sama ya ɓalle yana iya tafiya da na ƙasa duka. Shi ya sa tilas a haɗa da dashen itace da gina ramuka masu siffar rabin wata da ke tare ruwa bisa tudu, kuma a bar kulawa hannun kwamitin gari da mairi. Sannan baraji ba ya maganin ruwan da ke kwanciya cikin unguwanni kamar na damanar 2024, wannan aikin lambatu ne da hana zuba shara cikinsu.