Waiwaye: Yadda kayan tarihin Damagaram suka rarrabu

Duk ɗan da ya tashi a Birni, tsohuwar unguwar fada a garin Damagaram (Zinder) na Nijar, ya ji labarin igwar Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan ya shafe kusan shekara 30 yana sarautar Damagaram. A zamaninsa ayarin fatake na tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gat da Agadas su sauka a Zango, unguwar fatake, da bindigogi da tufafi, su koma da fatu da gashin jimina, har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Tanimun bai tsaya ga saye ba. Ya tara maƙera suka narka tagulla suka zuba igwa a nan cikin gari, ana kuma haɗa albarushi. Ya kewaye Birni da ganuwa. Ƙarfin nan ne ya sa Damagaram, da ke kai gaisuwa Kukawa, fadar Shehun Barno, ta soma ɗaga kai a gaban Barno.

To ina kayan nan suka shiga? Amsar ta faro daga 1898, lokacin da aka kashe Kyaftin Cazemajou, Bafaranshe, a Damagaram a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yulin 1899 sojojin Faransa suka ci nasara a Tirmini, kusa da Damagaram, suka shiga gari, ba a jima ba aka kashe sarkin. A 1906 kuma Nasara suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira. Garin da aka ci da yaƙi ba ya riƙe makamansa. Wasu kayan sun zama ganima, wasu masu su suka ɓoye a kuryar ɗaki, wasu kuwa tsatsa da gara suka gama da su.

Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka na Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da ita Yamai. Can aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama. Namu na jaha daga baya ya zo, bayan kaya da yawa sun riga sun watse.

A ganina, nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Baƙo ya shiga gidan tarihi ya ga takobi da mashi da kayan kiɗa da aikin dukawa, sai ya ɗauka abin da ya rage ke nan. Alhali babban kaso yana waje, yana kuma aiki. Ranar hawan salla ka tsaya a ƙofar fada, wadda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ka ga kakaki da algaita da kayan doki da jajayen rigunan dogarai. Babu wanda ya sa su a gilashi. Littattafan da malamai suka rubuta da hannu suna nan cikin gafaka a gidajen jikokinsu. Ko bangon gidajen Birni da zanensu, da gidan da Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a ƙarshen 1852, kayan tarihi ne da ba sa ɗaukuwa. Shi ya sa a 2006 Nijar ta sa Birni da fadar a jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ke damuna shi ne labarin da ke bin kowane kaya. Takobin da aka miƙa wa gidan tarihi ba tare da an rubuta wanda ya ƙera shi, da wanda ya rataya shi, da yaƙin da ya je ba, ƙarfe ne kawai. Masu wannan sani tsofaffi ne, kullum kuma raguwa suke.

Batun maido da abin da ya ƙetare teku ya taso da ƙarfi bayan rahoton masana biyu, Felwine Sarr da Bénédicte Savoy, na 2018, wanda ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihin Faransa. A Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Benin guda 26, kayan fadar Abome da sojojin Faransa suka kwasa a 1892, shekara bakwai kafin su iso Tirmini.